Kwanon da Kaftin Bai Mayar Ba

Kwano ɗaya ne, da abincin kwana goma sha tara. Wanda ake bi wani Kaftin ne mai tuƙa jirgi a tsakanin taurari. Na san sunansa sarai, an faɗa a kunnena ya fi sau dubu, amma ba zan faɗa ba, tunda masu littafin su ma ba su ga damar faɗin sunan matar da ke binsa ba.

Ga yadda na shiga maganar. Bara da damina aka cire mini yana a ido, na dama tukuna, bayan wata guda na hagu. Likita ya ce ban da hayaƙi, ban da rana, ban da sunkuyo. A unguwarmu Briketeri fa. Da an yi la'asar masu tsire sun hura wuta a bakin titi, unguwar duka ta zama murhu. Sai aka zaunar da ni a ɗaki aka saki labule. Shekara arba'in da 'yan kai ina dafa abincin biki da na suna, tukwanena sun je unguwar Madagaskar, sun je ta Ekudu, sun dawo, yau ga ni ko ruwan shayi ba a bari in ɗora.

Halilu, autana, tela ne. Tun yana lekol, makarantar boko, yake da ciwon sayen wasu littattafai a hannun masu baza tsofaffin takardu a gefen titi, labarin mutane masu yawo a sama daga wannan duniya zuwa waccan. Guda tara ne, ɗaya na bin ɗaya, da Faransanci, duk sun yi ja sun yi laushi kamar tsumma. Shi ya kawo shawarar 'yarsa Zaitun ta riƙa karanta mini bayan la'asar tana juya mini da Hausa. Ya ce don in sami abin yi. Na san dalilin. Daga ɗakina nake jin ƙamshin miya in aika a gaya wa matarsa man ya yi yawa.

Zaitun ɗin ma tana da tata buƙatar a wurina. Ta gama iniversite, wato jami'a, an ba ta kuɗin karatu ta je Kanada ta ƙaro ilimi, wai kan yadda ake tace ruwan sha. Takarda ta zo, ana jiran amsa kafin ƙarshen watan goma. Halilu ba zai ce e ba sai na ce. Haka gidan nan yake tun rasuwar babansu, ba ni na roƙa ba. Ni kuwa ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ban san mutanen can ba. Ban taɓa cin abincinsu ba, ba su taɓa cin nawa ba, to da me zan auna su?

Littafi na farko bai yi mini laifi ba. Jirgin Kaftin ya lalace, ya faɗa wata duniya da ba tamu ba. Mutanen wurin dogaye ne, hannunsu huɗu, fatarsu kamar an shafa toka, shi ya sa na sa musu Masu Toka, don sunan da littafin ya ba su bakina ba ya ɗaukarsa. Wata tsohuwa cikinsu ta tsinci Kaftin a bayan gari da karyayyar ƙafa. Ba ta jin yarensa, ba ya jin nata. Kullum sai ta zo masa da abinci a wani kwanon dutse wanda ba ya bari abinci ya huce. Kwana goma sha tara, ni na ƙirga, littafin bai tara ba. Ranar da yaransa suka gyara jirgin, ta kawo masa kamar kullum, ya karɓa ya shige da shi, suka tashi.

Na ce, "Ya yi mata sallama?"

Zaitun ta ce, "Ana sauri, Hajja. Wuta na bin su."

"To kwanon fa?"

"Wane kwano?"

"Kwanon matar."

Na ji tana juya takardu gaba da baya. Ta ce, "Ba su sake maganarsa ba."

Na ce, "Za su yi. Ai littafi tara ne."

A gidana kwanon mutane ba ya wuce kwana uku, kuma ba ya komawa wayam. Ko albasa uku ce sai an sa a ciki, a rufe, a kai da hannu biyu. In ya makara kuwa, akwai abin da na koya wa kowa a gidan nan ya faɗa a bakin ƙofa: ga kwanonku, ya sha zama, a yafe mana. Halilu ya faɗa, yayyensa sun faɗa, Zaitun tun tana tsayin turmi take faɗa.

Na ce mata, "Mutanen da suka rubuta wannan, wurinsu za ki?"

"A'a, Hajja. A Amurka aka rubuta, aka juya shi a Faransa. Ni Kanada za ni."

"Katanga ɗaya ce tsakaninsu, babanki ya gaya mini."

"Katanga mai tsawo dai."

"To. Ranar da kwanon nan ya koma hannun mai shi, ki zo mu yi maganar takardarki."

Ta yi dariya har da buga cinya, ta ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Da ta gaya wa babanta shi bai yi dariya ba. Ya san ni.

A littafi na biyu aka koma wurin Masu Toka, na gyara zama. Sai na ji duk sun zama 'yan kasuwa maha'inta, babba da yaro, kowa yana tauye mudu. A na uku kuma babu kasuwar, duk sun zama mayaƙa, ba su da wata magana sai kashewa. Na tambayi Zaitun ina masu dafa wa mayaƙan abinci. Ta ce ba a faɗa ba. Na ce wa ke ɗinka musu riga, tunda mai hannu huɗu ai rigarsa aiki ce. Ba a faɗa ba. Babu mai ciki a cikinsu, babu malalaci, babu wanda ya ci bashi yake bin bayan gida don kada a gan shi? Duniya guda cur, hali ɗaya. Gidana mutum goma sha huɗu ne, babu biyu masu hali ɗaya.

Ita kuwa kyanwar da ke cikin jirgin Kaftin tana da suna. Har an faɗi irin kifin da ba ta so.

Da Halilu ya shigo gaishe ni, da igiyar awo rataye a wuyansa, na tsare shi.

"Mai rubutun nan mantuwa gare shi?"

"Ba mutum ɗaya ba ne, Hajja. Kamfani ne ke da labarin, su suka yi fim ɗinsa. Kowane littafi sai su ɗauki wani su biya shi ya rubuta."

"Na biyun ya karanta na farkon?"

Ya sosa ƙeya. "Ya kamata dai."

"Kai in ka ba wani ya yanka wuyan riga, ka ba wani hannu bai ga wuyan ba, me za ka miƙa wa mai kaya?"

"Ai ba don Masu Tokan ake karantawa ba. Don jirgin ne, da yaƙin."

"To me ya sa aka sa su?"

Ya ce yana da ɗinkin amarya, ya fita.

Abin ba baƙo ba ne a wurina, shi ya sa ya fi ci mini rai. Shekara hamsin ina garin nan. A kasuwar Mokolo, in ka ɗaura kallabi irin namu ko ka sa doguwar riga, kai Hausa ne. Bafulatani Hausa ne, Babarbare Hausa ne, mutumin Mali da bai san ko sannu ba shi ma Hausa ne. In ɗaya ya yi ha'inci, an ce halinsu ne. Akwai matar da na sayi manja a hannunta shekara ashirin, ranar da aka ce mata Hajja Rahmatu, wato ni, ba ta da lafiya sai ta ce wace ce. Amma ita ko ba komai ta aiko da lemo. Waɗannan na littafin an ba su taurari duka su yi yadda suka so, babu mai hana su, suka je suka ƙago mutane masu hannu huɗu, sannan suka kasa ba ɗaya daga ciki suna.

A na huɗu kwanon ya fito. Zaitun ta karanto cewa wani babban soja ya shiga ofishin Kaftin, ya ga wani kwanon dutse a kan tebur cike da alƙaluma, ya ce wannan fa, Kaftin ya ce tsarabar wata tafiya ce. Shi ke nan, suka shiga maganar bindigogi.

Na ce, "Tsaraba."

"Haka ya ce."

"Alƙaluma ya zuba a ciki."

"Amma dai bai yar ba, Hajja. Kin ga ana tune da shi."

Na yarda da ita a ranar. Na ce wanda ya rubuta na huɗu ya karanta na farko, watakila ɗan gidan mutunci ne, zai bar wa na gaba saƙo.

Na biyar yaƙi. Na shida aka kawo wani Mai Toka guda ɗaya na kirki, shi har suna aka ba shi. Kirkin nasa kuwa shi ne ya tsani danginsa, yana yi wa Kaftin hidima, yana koyon cin abinci da cokali da hannu biyu kawai, sauran biyun ya ɓoye su a riga don kada a tsorata. Kafin littafin ya ƙare ya tare wa Kaftin harbi ya mutu. Aka yi masa kuka rabin shafi. Ban ji an nemi uwarsa an yi mata gaisuwa ba.

Daga nan na fara gajiya. Ba na gyara zama kuma, kwanciya nake yi ina saurare. Idon dama ya warke, aka yi na hagu, ruwa yana ta zuba a kan kwanon rufi, jar laka tana shigowa har tsakar gida. Zaitun ta daina tsokanata. Karatun take yi da sauri, tana tsallake wuraren da ake bayanin inji, ni ma ban hana ta ba. Na lura abincinta yana dawowa da saura. Ƙawayenta biyu da aka ba su irin takardarta sun riga sun aika amsa, matar Halilu ta faɗa a tsakar gida da ƙarfi don in ji. Na ji. Amma na riga na faɗi magana, kuma ban saba janyewa ba don an ɗaga murya.

Muka kai na tara saura kwana uku wa'adin takardar ya cika. Ranar Laraba ce, bayan la'asar, hadari ya haɗo. Zaitun ta zauna a bakin gadona ta ce yau za mu gama.

Ta karanto cewa Kaftin ya tsufa, zai ajiye aiki. Yana kwashe kayan ofishinsa sai hannunsa ya kai kan kwanon. Ya daɗe yana kallonsa. Ya juye alƙaluman, ya wanke shi da kansa, ya cika shi da gishiri, don ya tuna a duniyar Masu Toka gishiri wuya yake yi. Ya rufe da farin ƙyalle. Ya ɗauki ƙaramin jirgi shi kaɗai, ya sauka a bayan garin nan, ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan. Tsohuwar tana nan, ta ƙara tsufa, hannunta biyu sun daina aiki. Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya miƙa da hannu biyu ya ce, ga kwanonku, ya sha zama, a yafe mana.

Ba zan ɓoye ba, sai da sabon idona ya yi yaji. Wata biyu ina jiran wannan.

Sannan na tuna tun da aka fara yayyafi ban ji an juya takarda ba. Kuma Zaitun, wadda kullum sai ta tsaya sau goma tana cewa yaya ma ake faɗin wannan da Hausa, yau ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Na ce, "Madam Kanada."

"Na'am."

"Maimaita mini wurin nan da Faransancin."

"Me za ki ji a ciki, Hajja?"

"Shekara hamsin ina ciniki a Mokolo. Ban iya karatu ba, amma na san yadda suke ce wa kwano, na san gishiri, na san a yafe. Karanta yadda yake a rubuce. In na ji ko ɗaya daga cikin ukun, mun gama, ki aika amsarki."

Ruwan ya sauko sosai, har sai da na matsa don in ji ta.

Ta ce, "Babu."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun muna na biyar na leƙa ƙarshen."

"Kika ci gaba da karanta mini guda huɗu."

"Na ce ko za ki manta."

"Kin taɓa ganin na manta?"

Ta ja hanci. "A'a."

"To ina bin ki ƙarshe guda. Karanto na gaskiyar."

Ta karanto, da tuntuɓenta da yaya ma ake cewa. An yi babban yaƙi. Jiragen su Kaftin sun kewaye duniyar Masu Toka sun ƙone ta ƙurmus, da garuruwan da duk abin da ke ciki. Layi biyar aka yi a kan wannan, na sa ta ƙirga. Kaftin ya tsaya a taga, an ce ransa ya ɗan sosu. Daga nan aka yi taro aka rataya masa lambar yabo, jikanyar kyanwar nan ta haihu a ɗakin inji, aka yi shafi uku ana raɗa wa 'ya'yan suna.

Na ce, "Matar fa?"

"Ba a sake ambatonta ba tun na farko."

"Kwanon?"

"Tun na huɗu."

Na ce ta kira mini babanta. Ya taho daga shago a jiƙe, da zare a kafaɗarsa, ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa yana kallona.

"Ka san ƙarshen nan?"

"Na sani, Hajja."

"Tun yaushe?"

"Shekara ashirin da biyar ke nan."

"Ka bar ni ina jira."

Ya sunkuyar da kai. "Ni ma na jira. Ba kwanon ba, ni ban ma lura da shi ba sai da kika faɗa. Amma saboda Masu Tokan na littafin farko na sayi sauran. Kullum ina cewa na gaba zai koma wurinsu yadda suke. Kuɗin taksi nake tarawa in taka da ƙafa in saya. Da na gama na tara na sa su a kwali, ban sake buɗewa ba sai bana."

"Shi ne ka ba ni."

"Su kaɗai nake da su."

Gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda nake ji in an gama biki an watse an bar ni da tukwane. Na so in auna mutanen can da littafinsu, na auna, ga abin da ya fito. In na bi maganata yadda na faɗe ta, Zaitun ba ta zuwa ko'ina. Amma gishirin nan ya tsaya mini. Ni ban tuna Masu Toka ba su da gishiri ba, sau ɗaya aka faɗa a littafin farko. Ita ta riƙe. Ta zauna ta yi tunanin abin da matar take buƙata, ba abin da Kaftin yake da shi da yawa ba. Mutum tara aka biya su yi wannan aikin ba su yi ba.

Na ce, "Ta aika musu amsa. Ta ce tana zuwa."

Zaitun ta ɗago. "Amma kwanon bai koma ba."

"Bai koma ba. Na gaji da jiran mutanen da ba su ma san ana bin su ba. Ke kin sani, ya isa. Ƙaryar da kika yi mini kuma ba kyauta ba ce. Manyan tukwanena shida suna ɗakin ajiya, tun kafin aikin idona ba a kankare gindinsu ba."

"Shida, Hajja?"

"Da marfinsu."

Ta kankare, kwana biyu ta yi a kai. Ranar da za ta tafi, a watan ɗaya, na buɗe kabad na ɗauko langa mai jan fure, cikin waɗanda na zo da su garin nan. Na ce in ta isa ta huta, ta dafa abu ta kai wa maƙwabcin da ya fi kusa da ƙofarta. Ta faɗi sunanta a bakin ƙofar, in ba su riƙe ba ta sake faɗa, har su gaji. Ta ce akwatinta ya riga ya wuce kilo. Na ce ta cire takalmi ɗaya.

Bayan wata guda ta kira a wayar babanta. Ta dafa shinkafa da wake ta kai wa wata mata da ke ƙofar da ke kallon tata. Langar ta dawo washegari, a wanke.

Na ce, "Da me a ciki?"

"Takarda, Hajja. Ta rubuta godiya. Ta rubuta sunana daidai."

"Takarda kawai."

"Kawai."

Na ce to ta ajiye, ta sake kaiwa sau ɗaya mu gani. Ko ba komai ta dawo.

Littattafan Halilu ya mayar da su kwali, suna ƙarƙashin teburin yankansa. Idona ya buɗe, ina ganin zare a ramin allura, na koma kan tukwanena. Ita dai waccan matar tana bin Kaftin kwano ɗaya da abincin kwana goma sha tara. An ƙone garinta, babu wanda zai karɓar mata. Ni dai ban yafe masa a madadinta ba, ba nawa ba ne.